Windows, Mac ko Linux: wa ke zaɓa wa matasa abin da ke cikin kwamfutarsu?

Tun ranar 14 ga watan Oktoban 2025, kamfanin Microsoft ya daina aika wa Windows 10 gyare-gyaren tsaron da ya saba aikawa kyauta kowane wata. Washegari kwamfutoci suka tashi kamar kullum. A shagunan buga takardu da ke kewaye da Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, da wuraren wanke hoto na Maraɗi, da ofisoshin ƙungiyoyi a Damagaram da Tawa, allo ya kawo haske, Word ya buɗe, aiki ya ci gaba. Shi ya sa da yawa daga masu amfani da kwamfuta ba su ma san an yi wani abu ba. Sai dai daga wannan rana, duk wata ɓaraka da ɓarayin intanet suka gano a jikin Windows 10 za ta zauna a buɗe, in ban da na'urar wanda ya yi rajistar ƙarin wa'adi. Shi ma wa'adin da aka ba ɗaiɗaikun mutane, an sanar tun farko cewa zai ƙare ne ranar 13 ga Oktoban 2026.

Wannan ya sake tayar da tsohon musun nan da ba ya ƙarewa a fada da ɗakunan kwanan ɗalibai: wane sistem ne ya fi? Sistem, ko babbar manhaja, shi ne abin da ke fara tashi idan an kunna na'ura. Shi ke magana da allo da madannai da batir, kuma a kansa sauran manhajoji ke zama kamar yadda ɗakuna ke zama a kan tushen gini. Uku ne suka yi suna: Windows na Microsoft, macOS na Apple, sai Linux wanda ba shi da ubangida guda. A ƙididdigar kamfanin StatCounter, kusan bakwai cikin kowace kwamfuta goma a duniya Windows ke cikinsu, Linux kuwa sai a 2024 ya fara haura kashi 4 cikin ɗari.

Musun na tafiya da shayi, kowa na kare nasa kamar yadda ake kare Real Madrid da Barcelona. Amma idan aka tambayi yawancin masu musun yadda aka yi suka samu abin da ke cikin na'urarsu, amsar ɗaya ce: haka suka saye ta, ko haka mai gyara ya zuba musu. A garuruwanmu mai gyara ne ke zaɓa, shi da farashin megabayit da kuma wutar Nigelec. Ra'ayin mai na'ura yana zuwa ne daga baya.

Windows, abin da ido ya saba gani

Babu wani sirri a rinjayen Windows. Da shi ake koyar da darasin kwamfuta a lise, da shi cibiyoyin horo ke ba da takardar shaida, shi ne kuma a teburin sakatare a ma'aikatu. Duk sanarwar neman ma'aikaci da za a liƙa, za a ga an rubuta cewa dole mai nema ya iya Word da Excel da PowerPoint. Mai buga katin biki da allon talla CorelDRAW ko Photoshop yake so. Ɗalibin gine-gine AutoCAD aka koya masa. Akanta na aiki da Sage. Ma'aikacin lafiya da ke tattara alƙaluma yana da Epi Info. Duk waɗannan a Windows suka fi zama, wasunsu ma ba sa tashi a ko'ina sai can. Ga kuma masu wasan ƙwallo a kwamfuta, waɗanda ba sa ma sauraren wata magana idan ba ta Windows ba.

Wani babban dalilin shi ne taimako. Idan Windows ya rikice a Birnin Ƙonni ko a Tasawa, ba za a rasa wanda zai duba shi a cikin unguwa ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ya rage kwana biyu ya miƙa kundin kammala karatunsa.

Inda gizo ke saƙa shi ne lasisi. A shafin Microsoft na Faransa, Windows 11 na gida yuro 145 ne, wato jika 95 da ɗoriya a kuɗin CFA. Mafi ƙarancin albashi a Nijar jika 42 ne tun farkon 2024. Ke nan lasisi kaɗai ya fi albashin wata biyu na ƙaramin ma'aikaci, ba a ma zo kan Office ba. Ba abin mamaki ba ne da ya zama kusan kowane mai gyara yana da kile guda a aljihu, ƴar ma'ajiyar nan ta USB, ɗauke da Windows da Office da Photoshop waɗanda aka fasa wa makulli. Cikin awa guda an zuba komai, mai na'ura ya biya ɗan abin da aka yi ciniki, ya tafi yana murna.

Abin da ba a faɗa masa shi ne yadda ake fasa makullin. Ƙananan manhajojin da ke yaudarar Windows ya ɗauka an biya shi, kafin su yi aiki sai an kashe mai gadin na'urar, wato manhajar da ke kama birus. Kamfanonin tsaron intanet sun sha gano cewa a cikin irin waɗannan manhajoji ake cusa masu satar kalmar sirri. Mutum ya buɗe Facebook ko akwatin wasiƙarsa ko asusun bankinsa a kan wannan na'ura, bai san da wa yake raba allon ba. Sannan da yawa cikin masu gyara kan toshe hanyar sabunta sistem gaba ɗaya, wani don kada asirin lasisin ya tonu, wani don tausayin megabayit ɗin mai na'ura, tunda Windows na iya shanye kuɗin intanet na mako guda cikin dare ɗaya ba tare da ya yi sallama ba. Ma'ana, akwai kwamfutoci da yawa a nan da suka daina karɓar gyaran tsaro shekaru kafin Oktoban 2025.

Duk ɗalibin da ya taɓa kai kile shagon buga takardu ya san sakamakon. Ya dawo gida ya tarar fayilolinsa sun koma wasu ƴan alamomi masu kibiya, ya danna, babu abin da ya buɗe. Wannan birus ɗin ya ga jiya ya ga yau a makarantunmu. Akasari bai goge komai ba, ɓoyewa ya yi, amma wanda bai sani ba sai ya wanke kile ɗin duka, aikin wata shida ya bi ruwa. Wannan ƙaramin alhaki ne idan aka kwatanta da abin da ya faru a watan Mayun 2017, lokacin da birus ɗin WannaCry ya kulle kwamfutoci a ƙasashe sama da 150, har asibitocin gwamnatin Birtaniya suka soke ganin dubban marasa lafiya. Microsoft ya fitar da maganin ɓarakar wata biyu kafin harin. Waɗanda ba su sabunta ba ne suka sha.

Katangar Windows 11

Mafita mai sauƙi ita ce a haura zuwa Windows 11, wanda ya fito a watan Oktoban 2021, kuma kyauta ne ga mai Windows 10 na halal. Sai dai Microsoft ya gina katanga a ƙofar. Ban da gigabayit 4 na RAM da 64 na ma'ajiya, dole na'ura ta kasance da wani ɗan guntun tsaro da ake kira TPM 2.0, kuma ƙwaƙwalwarta, idan ta Intel ce, ta zama daga zuriya ta 8 zuwa sama, wato waɗanda aka fara ƙerawa daga ƙarshen 2017. In ban da ƴan ƙalilan, duk abin da ya girmi haka an bar shi a waje.

To, su waɗanda aka bari a wajen su ne kasuwarmu. Mafi yawan kwamfutocin da matasa ke saye na hannu ne, waɗanda kamfanonin Turai da Amurka suka gama mora, aka loda su zuwa Dubai ko Legas ko Lome, wasu su biyo ta Kano su shigo Maraɗi da Damagaram. Na'urori ne masu ƙwari, an ƙera su don aikin ofis, suna iya ƙara shekara biyar ba su yi tari ba. Amma dubi HP EliteBook 840, wadda ta cika shaguna: samfurin G3 zuriya ta 6 ce, Windows 11 ba ya karɓarta a hukumance, alhali G5 mai zuriya ta 8 tana wucewa. A ido kusan duk ɗaya suke. Haka Lenovo ThinkPad T470 da ƙanwarta T480.

Akwai kuma tarkon da ke kama mutane da yawa, wato tambarin Core i7. Mai saye na ganinsa sai ya ɗauka ya samu ta gaban goshi, ya ƙara kuɗi. Alhali i7 na 2013 bai kama ƙafar i5 na 2018 ba, kuma na farkon ba shi da hanyar shiga Windows 11. Lambar da ke bayan tambarin ita ce abin dubawa: idan an rubuta i5-8250U, takwas ɗin farko ita ce zuriyar, idan i7-4600U ne, zuriya ta 4 ce, komai ƙyallin jikinta. Ana ganin wannan lamba a sashen bayanin na'ura cikin saituna, kuma dubawar ba ta cin minti guda a gaban mai shago.

Masu gyara sun riga sun samo hanyar tsallake katangar. Da wata ƴar manhaja mai suna Rufus ana shirya kile da zai zuba Windows 11 a kan tsohuwar na'ura ba tare da ya tambayi TPM ba, kuma yana tashi. Sai dai Microsoft ya faɗa ƙarara cewa bai ɗauki alkawarin ci gaba da aika wa irin waɗannan na'urori gyara ba. Don haka ganin Windows 11 a allon kwamfutar da ke kan kanta ba shaida ba ce cewa na'urar ta cancanta.

A ƙarshen 2023 kamfanin bincike na Canalys ya yi ƙiyasin cewa kwamfutoci kusan miliyan 240 ne za su iya zama shara saboda wannan sauyi. Wanda ya san hanyar da kayan hannu ke bi ya san inda kaso mai tsoka zai sauka. Za a ga araha, kuma arahar za ta ja mutane.

Ƴan uwa mazauna ƙetare da ke aiko wa ƙanne da ƴaƴa kwamfuta su ma akwai abin da ya kamata su kula da shi. Na'urar da ta fito daga wani kamfani, idan ba a cire ta daga rajistarsa ba, tana iya tashi a Tawa ta nemi a shiga da adireshin ma'aikacin wani ofis da ke Lyon ko Montreal, ko da an wanke ta. Wata kuma ma'ajiyarta a kulle take da BitLocker, ranar da aka taɓa wani abu a cikinta sai ta nemi lambobi 48 da ke cikin asusun wanda ya aiko ta. Kafin a sa ta a jaka, gara a wanke ta can, a kunna ta da intanet, a tabbatar ta kai har ƙarshe ba ta tambayi kowa ba.

Mac, batir da kwarjini

Masu Mac ƴan kaɗan ne, amma muryarsu ta fi yawansu. Ana ganinsu cikin masu haɗa bidiyon biki da na waƙa, masu ɗakunan naɗar sauti, ma'aikatan manyan ƙungiyoyin ƙasa da ƙasa, da waɗanda suka dawo daga karatu a waje. Ba za a musa ba, akwai kwarjini a ciki: tuffar nan da ke bayan allo tana magana tun kafin mai ita ya buɗe baki a wurin taro. Abokan musu kan tsaya a nan, su ce duk son a sani ne.

Ba su yi adalci ba. Tun watan Nuwamban 2020 da Apple ya fara sa ƙwaƙwalwar da ya ƙera da kansa, mai suna M1, batirin MacBook ya shiga wani aji dabam. Kamfanin ya ce MacBook Air na iya kai awa 18 ana kallon bidiyo, kuma ko an rage kaso mai yawa saboda aiki mai nauyi, tana fitar da mutum yini guda. Duk wanda ya zauna a ƙasar nan daga watan Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta katse layukan da ke kawo kusan kashi 70 cikin ɗari na wutar da Nijar ke sha, har zuwa ɗage takunkumin CEDEAO a watan Fabrairun 2024, ya san darajar wannan. Ko a yanzu, a watannin Afrilu da Mayu, mai tsohuwar kwamfutar da batirinta ke riƙe minti arba'in aikinsa na hannun Nigelec. MacBook Air ba ta da fanka, don haka ba ta zuƙar ƙurar hunturu. Amma Apple da kansa ya rubuta cewa an yi ta ne don yanayin da bai wuce digiri 35 ba, a ƙasar da ake haura 40 a inuwa. Idan ta yi zafi sai ta rage gudu.

Matsalar Mac tana fitowa ne ranar da ta lalace. A sababbin samfura, RAM da ma'ajiya a manne suke da allon ciki, ba a ƙarawa, ba a canzawa. Mai ThinkPad na iya sayen RAM a kasuwa ya ɗaura da sukuddireba. Mai MacBook da allonta ya fashe sai ya jira wani ya taho daga Dubai ko Kano. Ga kuma makullin iCloud: Mac ta hannu da tsohon mai ita bai fita daga asusunsa ba, ba ta da maraba da faranti. Su kuma tsofaffin Mac masu ƙwaƙwalwar Intel da ake sayarwa da ɗan sauƙi yanzu, nasu wa'adin ya kusa, domin Apple ya sanar cewa macOS 26 ne na ƙarshe da zai karɓe su. Sunan wannan fitowar Tahoe, wani tafki ne a Amurka, ba shi da dangantaka da Tahoua tamu ko da yake rubutun ya so ya yi kama.

Linux, baƙon da ke aljihun kowa

Wanda aka fi yi wa kallon na ƙwararru shi ne Linux, alhali kusan kowa na yawo da shi bai sani ba: duk wayar Android a kan zuciyar Linux aka gina ta. Manyan kwamfutoci 500 mafiya ƙarfi a duniya duka da shi suke aiki tun 2017. Wani ɗalibi ne ɗan ƙasar Finland, Linus Torvalds, ya fara shi a 1991, ya saki rubutun manhajar a fili don kowa ya duba, ya gyara, ya raba. Shi ya sa ba iri ɗaya ba ne. Akwai Debian, akwai Fedora, akwai Ubuntu wanda ɗan Afirka ta Kudu Mark Shuttleworth ya kafa a 2004, ya raɗa masa suna da kalmar Zulu da Xhosa mai nufin mutuntaka. Akwai kuma Linux Mint na Bafaranshe Clément Lefèbvre, wanda aka fi ba sabon shiga shawara a kai, saboda fasalinsa ya yi kama da Windows ɗin da ido ya saba da shi.

Ga mai EliteBook G3 ɗin nan da Windows 11 ya ƙi, lissafin a bayyane yake. Linux Mint na tashi da gigabayit 2 na RAM, ya fi sakewa da 4, ba ya tambayar TPM, ba a biyan ko dala, kuma fitowa ta 22 za ta ci gaba da samun gyaran tsaro har 2029. Yana zuwa da Firefox da LibreOffice a ciki, ba ya sabunta kansa sai an ce masa ya yi, abin da ke da muhimmanci ga mai sayen intanet na kwana-kwana a Airtel ko Moov ko Zamani. Birus ɗin kile da ya addabi ɗalibai ba ya tashi a kansa; hasali ma, idan aka soka kile mai cutar a na'urar Linux, sai a ga fayilolin da aka ɓoye suna nan zaune, a kwashe su. Akwai masu gyara da ke ajiye Linux don wannan aikin kaɗai, su ceto kayan mutane, amma ba su taɓa tunanin zuba wa kowa shi ba.

Ba ƙyashi ba ne ya hana su. Mai gyara ya san cewa duk wanda ya zuba wa Linux zai dawo masa gobe da tambaya. Firintar HP akasari tana aiki nan take, amma wasu tsofaffin Canon da suka cika shagunanmu sai an sha fama. Wata na'urar Wi-Fi ɗinta ba ya tashi sai an nemo masa direba, kuma neman na bukatar intanet ɗin da babu. Photoshop da AutoCAD da Sage ba su da fitowar Linux. Akwai madadinsu ga wasu ayyukan, GIMP da Inkscape don zane, Kdenlive don bidiyo, sai dai wanda ya shekara biyar hannunsa na kan Photoshop ba ya son a mayar da shi aji ɗaya, kuma yana da gaskiya, tunda da shi yake ci.

Babban abin da ke mayar da ɗalibai baya shi ne takarda. LibreOffice na buɗe fayil ɗin Word, yana kuma adanawa a sigarsa, amma kundi mai shafi ɗari da jadawali da hotuna yakan ɗan goce idan ya je kwamfutar malami: kan babi ya sauka ƙasan shafi, lambobi su zame. Maganin shi ne a mayar da shi PDF kafin a kai bugu. Amma malamin da ke son ya yi gyara a cikin fayil ɗin ba PDF yake so ba, kuma ɗalibi ba ya jayayya da mai sa masa hannu.

Duk da haka akwai waɗanda Linux ya fi dacewa da su fiye da yadda suke zato. Wanda aikinsa bai wuce intanet, rubutu, kallo da WhatsApp na kwamfuta ba, ba zai rasa komai ba. Mai koyon rubuta manhaja ko kula da hanyoyin sadarwa, a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ko André Salifou ko Djibo Hamani, ko ba jima ko ba daɗe sai ya haɗu da shi, domin a kansa yawancin manyan na'urorin intanet suke. Masu taswira na da QGIS, masu alƙaluma na da R da Python, masu tattara bayanan ƙungiyoyi kuma KoboToolbox ta intanet ake buɗe shi, bai damu da sistem ba. Kuma ba sai an yi saki uku da Windows ba: ana iya tayar da Linux daga kile a gwada shi ba tare da an taɓa abin da ke cikin na'ura ba, ko a zaunar da su biyun a na'ura ɗaya, a zaɓi wanda ake so lokacin kunnawa.

A wasu ƙasashen maganar ta wuce ta ɗaiɗaikun mutane. Jandarmomin Faransa sun fara mayar da dubban kwamfutocinsu kan wani Ubuntu da suka gyara wa kansu tun 2008. Jihar Schleswig-Holstein ta Jamus ta yanke shawara a 2024 cewa za ta raba kwamfutocin ma'aikatanta kusan 30,000 da Windows da Office, kuma dalilin da ta bayar shi ne kada bayanan gwamnati su dogara da kamfanin wata ƙasa. Ba kullum ake dacewa ba: birnin Munich ya yi shekaru a kan Linux, sannan majalisarsa ta kaɗa ƙuri'ar komawa Windows a 2017. Kusa da mu, a Togo, ƙungiyoyin sa-kai sun buɗe ɗakunan kwamfuta a makarantu da tsofaffin na'urorin da aka zuba wa Emmabuntüs, wani Linux da aka shirya a Faransa musamman don farfaɗo da kayan hannu. A lokacin da kalmar diyauci ke bakin kowa a Yamai, tambayar wane sistem ne ke riƙe da takardun ma'aikatu, da lasisin wa, kuma wa ke sabunta shi, ta cancanci a yi ta da babbar murya.

Ina ƙ, ina ɗ?

Akwai wani ma'auni da ba a cika sa shi a musun ba, alhali ya shafi duk mai karanta wannan shafi. Kundin sake gina ƙasa da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Idan har za a rubuta takardun hukuma da littattafan makaranta da Hausa, to a kan kwamfuta za a rubuta su, kuma babu madannan da ake sayarwa a kasuwa da ke ɗauke da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. Rashin ƙugiyar nan ba ado kaɗai yake ɓatawa ba. Baki dabam, baƙi dabam. Wanda ya rubuta kasa yana nufin ƙasa ya bar mai karatu da canka.

A waya an huta, madannan Gboard na da Hausa. A kwamfuta kuwa mutane da yawa har yanzu kwafo haruffan suke ɗaya bayan ɗaya daga wani tsohon rubutu, ko su bar su. Alhali Windows na da tsarin madannan Hausa a cikinsa, sai dai a shiga saitunan harshe a ƙara shi, kuma Microsoft ya taɓa fassara fuskar Windows zuwa Hausa tun zamanin Windows 7. Linux na da tsari biyu, na Najeriya da na Ghana. Manhajar Keyman ta ƙungiyar SIL, wadda kyauta ce, tana aiki a kan duka ukun har da Mac. Sai kuma a kula da irin rubutun da aka zaɓa, domin wasu ba su da waɗannan haruffa, sai su fito da ɗan akwati a madadinsu. Noto da Charis SIL suna da su duka.

Cikas ɗin shi ne waɗannan tsare-tsare na Hausa a kan jerin QWERTY aka gina su, irin na Ingilishi, alhali ɗan Nijar da ya koyi bugu a lakwal hannunsa AZERTY ya sani. Da ya sauya zuwa Hausa sai a da q su yi musaya, m ta bar wurinta, ga kuma wasulan Faransanci masu alama da yake bukata a layi na gaba sun ɓace. Sannan ƙa'idar rubutu ta Nijar na amfani da ƴ a inda Najeriya ke rubuta y da alamar ɗauri a gabanta. A Linux, tsarin madannai ɗan fayil ne na rubutu da kowa ke iya buɗewa ya gyara, ya kuma aika a sa shi cikin fitowa ta gaba don kowa ya samu. Ta wannan hanya Kamaru da Togo da Mali suka samu nasu a kan AZERTY, ɗauke da haruffan harsunansu, kuma suna cikin jerin da ke bayyana ga duk wanda ke zuba Ubuntu ko Mint a yau.